Bencin Ƙarfe Da Katako Na Zaman Ƙofar Gida

Assalamu alaikum jama'a. Yau benci za mu haɗa, irin wanda ake ajiyewa a gindin darbejiya a ƙofar gida, ƙafafunsa ƙarfe, mazauninsa katako. An zaɓi katako a sama ne saboda ranar bazara a Gumel ko Ɓaɓura kan gasa ƙarfe har ya gagari zama.

Fayif mai kusurwa huɗu za ka saya, milimita 40 a kowane gefe. Idan ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, kada fenti ko sheƙi ya ɗauke maka hankali, kaurin bangon fayif ɗin za ka duba. Nemi mai milimita 2. Mai milimita 1 ya fi araha, amma ga sabon hannu wahala ce zalla, da ka ɗora wutar walda sai ya huje. Sanda biyu sun isa har da saura.

Ga yankan. Dogaye biyu masu santimita 150. Gajeru biyar masu 32, uku na sama, biyu na ɗaure ƙafafu. Ƙafafu huɗu masu 38. Sai guda ɗaya mai 142 da zai ratsa ta ƙasa. Idan aka ɗora katako, tsayin bencin zai kai wajen santimita 45, daidai zaman dattijo ba tare da gwiwa ta sha wuya ba.

Kafin ka tayar da janareto, dubi inda kake tsaye. Da hunturu komai a bushe yake, tartsatsi ɗaya ya isa ya kama dangar kara ko harawa. Yi nesa da rumbu, ka ajiye bokitin yashi a kusa. Sa gilashin walda na gaskiya mai lamba 10 ko 11, tabarau na rana ba ya tare wannan hasken. Yara kuma a kore su, don su ne ke ƙura wa wutar ido, cikin dare a ji suna kuka kamar an zuba musu yashi a ido. Fayif mai rufin galbanaiz ma a bar shi, hayaƙinsa na sa zazzaɓi.

Ilaktorod (sandar walda) mai lamba 6013, geji 12, wato milimita 2.5, shi ya dace da wannan kauri. Fara da amfiya 65 zuwa 75, ka gwada a kan guntun da ya rage. In sandar tana mannewa, wuta ta yi kaɗan, ko kuma ta sha danshin damina. In rami na buɗewa, wuta ta yi yawa ko hannunka ya daɗe a wuri ɗaya.

To, ga inda yawancin benci ke lalacewa. Ƙarfe idan ya yi zafi ya huce, yana janyewa zuwa ɓangaren da aka yi waldar. Wanda ya cika kusurwa ɗaya da walda tun farko, kafin ya kai ta huɗu firam ɗin ya murɗe, bencin ya dinga rawa a ƙasa. Don haka shimfiɗa ƙarafan a daɓen siminti wanda ba tudu ba kwari, ka yi ɗigo biyu kawai a kowace mahaɗa. Yanzu ɗauko tef ɗin awo. Daga kusurwa ɗaya ta firam ɗin sama zuwa kishiyarta a karkace, santimita 155 da 'yan kai. Juya ka auna ɗaya ɓangaren. Dole su zo ɗaya. In sun bambanta, ɗan bugu da guduma zai daidaita su, tunda ɗigo ne kawai ke riƙe da su. Sai sun daidaita za ka cika waldar, kaɗan-kaɗan, ka yi nan, ka tsallaka kishiyarta, ka bar ta ta huce. Bayan kowane zagaye ka kankare ɓawon da ke kai, domin walda a kan ɓawo ba ta kamawa.

Abu na biyu ruwa ne. Fayif daga ciki yake fara tsatsa, inda fenti ba ya kaiwa. Toshe bakin dogayen nan biyu da guntun ƙarfe. A ƙasan kowace ƙafa manna faranti mai santimita 6, don kada ta nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan ka huda ɗan rami na milimita 5 a gefe, dab da farantin, danshi ya samu mafita. Goge da giranda, share maiƙon, shafa jan fentin hana tsatsa hannu biyu, ya bushe sosai kafin fentin mai.

Katako kuwa, in ka je 'Yan Katako a Na'ibawa, nemi maɗaci ko loko. Farin katako abincin gara ne, a waje bai cika daɗewa ba. Kuma ya zama busasshe, ɗanye zai lanƙwashe ya tsage da zarar iskar hunturu ta kaɗa. Falanki huɗu, faɗin santimita 9, kaurin 2.5, tsakaninsu ratar santimita ɗaya don ruwa ya zube. Shafe su da banish ta ko'ina kafin a ɗaura, musamman bakin yanka, nan ne ke shan ruwa.

A ɗaure da bol da noti na milimita 8, amma ramin da ke jikin ƙarfen ya zama na 10. Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da rani, wannan 'yar ratar ce ke hana shi tsagewa a wajen bol. In hunturu ya shigo ka ji falankin na motsi, ɗauki sifana ka ƙara matse notin.