Ɗaki biyu, ƙofa ɗaya a tsakani: yadda muka zaɓi makwanci a jirgin ruwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau kwananmu biyu da tasowa daga Basalona, muna tsakiyar Bahar Rum, kuma tun jiya ake ta tambayata wai ya muka yi da maganar ɗakuna tunda mu shida ne, ni da maman yara da yara uku sai Hajiya. To ku biyo ni ku gani da idonku.

Kun ga wannan ƙofar da ke gefen madubi? Wallahi saboda ita na haƙura da baranda. Ina buɗe ta ga ni a ɗakin Hajiya da 'yan matan biyu, ba sai na fita waje na nemi katin shiga ba. Sannu Hajiya, ya ƙafar? Alhamdulillah ta ce da sauƙi. Da daddare mukan bar ta a ɗan buɗe, ko tari yaro ya yi muna ji, ga banɗaki biyu, wanda duk mai iyali ya san darajarsa da safe. Amma fa ku kula wajen kama ɗaki, ɗakunan da ke maƙwabtaka daban, masu ƙofa a tsakani daban, kuma masu ƙofar ba su da yawa, su ake fara kwashewa, a taswirar jirgin za ka ga an yi musu wata 'yar alama tsakanin lambobin biyu.

Me ya sa ba mu matsu a ɗaki ɗaya ba? Ba a yarda. Yawancin ɗakuna mutum 4 ne iyaka, kuma jariri ma mutum guda ake lissafa shi, saboda ana la'akari da wurin zama a kwale-kwalen ceto, don haka roƙo ba ya aiki a nan. Ku dubi sama, wancan gadon daga silin ake sauko da shi da yamma, in an sauke shi mai barci a ƙasa sai ya sunkuya kafin ya tashi, kuma ba na ƙaramin yaro ba ne sam.

Abin da ya koya min hankali shine tafiyarmu ta farko. Akwai wani tsari mai rahusa da kai za ka zaɓi irin ɗakin kawai, kamfani ya zaɓa maka wurin, na ga sauƙi na ɗauka, ashe ba su yi alkawarin haɗa mu ba, ɗaki ɗaya can gaban jirgi ɗayan hawa uku a sama, har wurin taruwar gaggawa da ake nuna wa kowa kafin a tashi namu ya bambanta. Ranar hankalina bai kwanta ba ko kaɗan, ina ta tunanin in wani abu ya faru ina zan fara gudu.

Shi ya sa wannan karon na zauna da taswira na zaɓi lamba da kaina. Tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa, don nan ne ya fi ƙarancin tangaɗi in igiyar ruwa ta taso, gaba da can sama su suka fi jijjiga, ga Hajiya da saurin jiri. Sai na duba abin da ke samanmu da ƙasanmu, in wurin ninƙaya ne a kanka tun asuba za ka fara jin ana jan kujeru, in wurin kiɗa ne a ƙasa kuma sai dare ya raba. Mu ɗakuna ne sama da ƙasa, shiru kake ji. Lifta kuma taku kaɗan ne daga nan saboda gwiwarta, don korido ɗin jirgin nan tsawo gare shi ba na wasa ba.

Baranda tana da daɗi, ban musa ba, amma autanmu shekararsa 3 kuma duk kujerar da ya gani sai ya hau. Duk da shingen yana kai wa babba wajen ƙugu ko sama, ni dai zuciyata ba za ta natsu ba. Tagar nan ba ta buɗewa, haske na shigowa, ga teku muna gani, ta ishe mu.

Af, bangon nan ƙarfe ne, kun ga yadda na manna maratayi mai maganaɗisu na rataye jakunkunan yara. Bari mu fita, Hajiya na so a kai ta sama ta sha iska kafin rana ta yi zafi.