Sharhi: Wa ke tambayar ma'aikacin magajin gari?

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau a kan ma'aikatan ƙananan hukumomi ne, waɗanda mu nan Damagaram muka fi kira ma'aikatan magajin gari.

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ake cewa an kawo mulki kusa da talaka. Birnin Zinder an kasa shi da'ira biyar. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na aikin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A watan Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi. Duk wannan sauyi a saman tebur aka yi shi. Malamin da ke rubuta takardar haihuwa yana nan kan kujerarsa, mai yanka tikiti yana nan bakin Kasuwar Dole, mai kwasar shara yana nan da amalankensa a lungunan Birni da Zango.

To, wa ya taɓa zaunar da su ya ji ta bakinsu?

Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, wanda ƙaramar hukuma ta ɗauka aiki, albashinsa daga asusunta yake fitowa, wato daga lanho (harajin kai) da kuɗin kasuwa da na tasha. In kuɗi bai shigo ba, wata ya ƙare babu albashi. A ƙananan hukumomin karkara abin ya fi tsanani, musamman shekarar da damina ba ta yi kyau ba, domin manomin da rumbunsa ba kome ba zai biya lanho ba. Ka ga kenan mutumin da ake aika wa karɓar kuɗi, shi ne kuma ke jiran kuɗin ya ci abinci. Daga nan ake fara jin "a kawo na goro".

Ba wanke su muke yi ba. Akwai wanda sai rana ta take yake isowa ofis, akwai mai ce wa tsohuwar da ta taso daga nesa "ki dawo gobe" alhali hatimin yana cikin aljihun teburinsa. Wannan laifi ne, a hukunta shi. Amma a ganinmu, ba daidai ba ne a tara su a yi musu faɗa kan rashin himma, ba a tambaye su ko akwai rajista da tawada a ofis ba.

Su suka san layin kasuwar da ake kauce wa tikiti, su suka san magudanar da ke toshewa kowace damina. Kantomomi su riƙa zama da su kafin a tsara kasafin kuɗin shekara, ba bayan an sa hannu ba, kuma a fara da lissafin bashin albashin da kowa ke bi.