Injin yanka mai karkarwa: wanda na saya, da wanda zan tura Gombe

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ina gaida mutanen Gombe, musamman kafintocin Tudun Wada da Bolari da ke ta tambayata wane ƙaramin inji ne suka gani a hannuna ranar da nake gyaran ƙofa. To ga shi nan kan tebur, guda biyu ma, tsoho da sabo. Ku yi haƙuri da rigar sanyin, garejin nan Ingila ba ya wasa.

Wannan inji ba ya juyawa kamar garanda. Wuƙarsa karkarwa take yi hagu da dama, irin ta injin aski, tazarar ba ta wuce digiri 3 zuwa 4 ba, amma tana iya yin haka sau 20,000 a minti ɗaya. Shi ya sa yake shiga lungun da zarto ba ya shiga. Za ka rage gindin firam ɗin ƙofa don tayil ya shige, ka huda gurbin soket a jikin filawud, ka datse ƙusar da ta maƙale. Kamfanin Fein na Jamus ne ya fara da shi a 1967, kuma ba don kafinta ba, don likitocin ƙashi ne, su yanke filasta ba tare da sun ji wa mai karaya ciwo ba.

Tsohon nan mai waya ne, na araha. Bari in kunna ku ji. Kun ji ƙarar ko? Ƙarar ma da sauƙi. In ka jima kana aiki da shi sai tafin hannunka ya mutu, in kuma za ka canza wuƙa sai ka nemo alanki ka kwance noti. Sabon kuwa mai batir ne, ku duba: na ɗaga wannan hannun, wuƙa ta fita, na danna wata ta zauna. Injinsa ba ya amfani da burosh, ba wani kabon da zai cinye ka shiga nema, kuma batir ya fi daɗewa.

Sabon nan na kamfanin Makita ne. Me ya sa na ɗauki nasu? Ba wai don ya fi sauran ba. Injin huda da nake da shi na Makita ne, batiransa masu bolt 18 suna nan da cajarsu, sai na sayi gangar injin kawai. Da na DeWalt ko Milwaukee ne a gidan, nasu zan saya. Batirin wannan ba ya shiga na wancan, kuma batir biyu da caja kan kai kuɗin injin, wani lokaci su wuce.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau. Bari in matso da kyamara. Kun ga gindin wuƙar nan ya tashi, da kusurwoyi kamar tauraro? Sunansa Starlock, Bosch da Fein ne suka fito da shi a 2016. Yana kama wuƙa gam, ba ta lilo, ƙarfin inji yana isa bakin aiki. Amma injin da aka ƙera wa Starlock ba ya karɓar wata wuƙa sai tasa, ga tsada. Wannan kuma mai gindi shafe da ƙananan ramuka ita ce gama-gari, kamfanoni barkatai na yinta, da arha ake sayen ƙunshinta. Ni a nan in wuƙa ta dakushe, oda zan yi a waya a kawo min har ƙofa. Ƙanena Sani kuwa da ke da shago a Pantami ya zaga wajen masu kayan aiki bai ga mai tauraron ba. In na tura masa irin nawa, ran da wuƙa ta ƙarshe ta mutu, injin ya zama kayan ado.

Don haka nasa mai karɓar gama-gari zan saya, in haɗa masa da wuƙaƙe masu yawa. Su ma iri-iri ne. Ta katako zalla, da ta haɗu da ƙusa ɗaya haƙoranta sun tafi. Mai haɗin ƙarfe biyu tana cin katako da ƙusa tare, ita ya kamata ta fi yawa, tunda aikin gyara ya fi yi. Mai kabayid kuma, wato wadda aka sa wa bakinta wani ƙarfe mai tsananin tauri, ta tsakanin tayil ce da busasshen siminti. Sani, in kana kallo, kar ka danne shi da ƙarfi. Ka bar shi ya ci da kansa, kana ɗan goga shi gefe da gefe don garin katako ya fita. Da ka ga hayaƙi, wuƙar kake ƙonawa.

Mai waya ko mai batir? Mun yi wannan muhawarar da shi, ya ce mai batir, don ba kullum wuta take zama ba, kuma tada janareta saboda yankan minti biyu asarar mai ce. Na yarda da shi. Sai dai ya kiyaye barin batir a rana, ballantana a zafin Maris da Afrilu, ya kuma riƙa hure ƙura daga ramukan iska lokacin hunturu.

'Yan uwa da ke Amurka da Kanada, ku lura: wutarku bolt 120 ce, ta gida bolt 230. Inji mai waya ko cajar da kuka saya can, in aka soka kai tsaye a Gombe ƙonewa zai yi, sai an haɗa da taransifoma. Mu na Ingila mun huta, wutar ɗaya ce, filogin ma mai ƙafa uku ne irin na gida. Batir kuma ba a jefa shi a akwatin da ke shiga ƙasan jirgi, a jakar hannu ake riƙe shi. Mai bolt 18 da amfiya-awa 5, in ka ninka su, ya kama wat-awa 90 ke nan, wato yawan wutar da yake riƙewa, bai kai 100 ɗin da aka iyakance a jirgi ba, amma a rufe bakinsa da salatif.

To bari in sa tabarau da abin toshe kunne. Ga guntun tayil na kwantar a gindin firam, a kansa wuƙar za ta hau don tsayin ya fito daidai. Ku rage sautin wayarku, zan kunna.