Darasi: yadda za ka nemo alƙaluman rashin aikin yi da kanka, da yadda ake rubuta wa hukuma takardar neman bayani

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau a kan kwamfuta zan yi darasin, amma mai waya ma zai iya bina, sai dai ya kwantar da wayar, don teburan alƙaluman nan faɗi gare su. Tambaya ɗaya ce ta yi ta shigowa tun makon jiya: an ce mana rashin aikin yi a Najeriya kashi 33 ne cikin ɗari, sai aka wayi gari aka ce kashi 4, to wanne za a ɗauka? Ba zan ba ku amsa daga bakina ba. Zan kai ku inda takardar take, ku gani da idonku.

Ku rubuta nigerianstat.gov.ng. Shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke nan, NBS. Fasalin shafin yakan canza, don haka kada wani ya ce bai ga abin da nake gani ba. Ɓangaren rahotanni za ku nema, ku rubuta Labour Force a wurin bincike. Ni dai gaskiya na fi son gajeriyar hanya: in je Google in rubuta Nigeria Labour Force Survey, in ƙara NBS da shekarar, ya kai ni kai tsaye. To ga shi ya fito. Bari in danna wannan... a'a, wannan na farashin kayan abinci ne, na ƙasa da shi nake nufi. Yawwa. Ku sauke PDF ɗin, in kuma kun ga fayil na Excel a gefe ku haɗa da shi, can ne naman yake.

Yanzu ku saurara da kyau. Kowa idan ya buɗe rahoton nan, babbar lambar farko yake kallo ya rufe. Ku wuce ta tukuna. Ku gangara inda aka yi bayanin ma'anar kalmomi da hanyar da aka bi wajen ƙirgen.

Kashi 33.3 ɗin da kuke ji, na rubu'in ƙarshe ne na 2020, wato watanni ukun ƙarshe na shekarar. A wancan tsarin, 'yan shekara 15 zuwa 64 ake ƙirgawa, kuma duk wanda aikinsa bai kai awa 20 a mako ba, marar aiki ne. Mai awa 20 zuwa 39 a ce aikinsa bai ishe shi ba. Sai mai awa 40 ne ake ɗauka cikakken ma'aikaci. A watan Agusta na 2023, zamanin Adeyemi Adeniran yana shugabancin hukumar, aka fito da sabon tsari wanda ya bi ma'aunin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO. A sabon, daga shekara 15 zuwa sama ake ɗauka, kuma duk wanda ya yi aikin ko da awa ɗaya tak cikin kwana bakwai da suka wuce, don a biya shi ko don ya samu riba, mai aiki ne. Nan take lambar ta koma kashi 5.3 a ƙarshen 2022, sannan 4.1 a rubu'in farko na 2023. Ba masana'antu aka buɗe ba tsakanin 33.3 ɗin da sababbin lambobin nan. Mudun awon aka canza. Shi kansa Yemi Kale, wanda ya riƙe hukumar daga 2011 zuwa 2021, ya fito fili ya nuna bai gamsu da maganar awa ɗayan nan ba.

Ga kuma wurin da yake rikita mutane, zan ɗan daɗe a kansa. Kason marasa aiki ba daga yawan jama'ar ƙasa ake cire shi ba. Daga cikin masu aiki da masu neman aiki kaɗai ake cirewa. Ku ɗauka a unguwarku akwai baligai ɗari, misali nake bayarwa. Ashirin a cikinsu ɗalibai ne, da tsofaffi, da matan da ba sa sana'a kuma ba sa nema. Waɗannan an ajiye su gefe, ba sa cikin lissafin sam. Saura tamanin. A cikin tamanin ɗin, mai cajin waya a bakin titi mai aiki ne. Mai sayar da awara da yamma mai aiki ce. Saurayin da ya gama digiri yake karɓar Keke Napep ɗin yayansa ran Juma'a ya yi 'yan awoyi, mai aiki ne. Sai wanda bai taɓuka komai ba a makon, yana nema, kuma a shirye yake ya fara, shi ne marar aiki. In huɗu ne irinsa, huɗu cikin tamanin, kashi 5 ke nan. Wanda ya nema har ya gaji ya daina nema fa? Ya fita daga lissafin. Manomin da yake noma abin da gidansa zai ci kawai, ba don sayarwa ba, shi ma sabon tsarin bai sa shi a layin masu aiki ba. Kun gane? Ku mayar da bidiyon baya ku sake ji in bai zauna ba, don wanda bai riƙe wannan ba, kowane ɗan siyasa zai iya juya shi da lamba.

Saboda haka ni idan na buɗe rahoton, wasu layuka nake bi. Ga na rubu'i na biyu na 2024 a gabana: rashin aiki kashi 4.3. Amma masu aikin da ba na hukuma ba, wato babu rajista, babu fansho, babu takardar ɗauka, kashi 93 ne. Masu cin gashin kansu sun haura kashi 85, masu albashi ba su kai kashi 15 ba. Wannan ita ce Najeriyar da muka sani a Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari. Mutane ba sa zaune, don wanda ya zauna ba zai ci ba, amma abin da ake samu ba ya kai wa ƙarshen wata. Ku duba kuma layin matasa da na mata daban.

Haka aka yi da hauhawar farashi. Disamba 2024 kashi 34.80, Janairu 2025 kashi 24.48, saboda an mayar da shekarar da ake auna farashi da ita daga 2009 zuwa 2024. Kada ka jera lambobin biyu ka ce kaya sun sauko.

Sauran wuraren da sauri zan wuce, kun san yadda ake shiga. Cbn.gov.ng don sanarwar kwamitin Babban Banki mai tsayar da kuɗin ruwa. Budgetoffice.gov.ng don kasafin kuɗi, ma'aikata bayan ma'aikata. Ofishin kula da basussuka, DMO, don bashin tarayya da na kowace jiha. Rabon arzikin ƙasa na wata-wata, wanda ake cewa FAAC, shi ma ana wallafa shi har da kason ƙananan hukumomi. Duk kyauta ne, data kawai za ka ƙona.

To idan abin da kake nema ba a wallafa shi ba fa? Nan ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai take shigowa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Dokar ta ce ba sai ka faɗi dalilin da ya sa kake son bayanin ba. Ba sai kana ɗan jarida ko lauya ba. Wanda bai iya rubutu ba, wani zai iya nema a madadinsa, kuma ko da baki ka nema, jami'in ne zai rubuta ya ba ka kwafi. Da can wasu jihohi kan ce dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, cewa ta hau kan jihohi ma.

Bari in buɗe takardar da nake amfani da ita. Da Turanci take, tunda da shi ofisoshin suke aiki, amma zan faɗa muku da Hausa. Sama kwanan wata, sai muƙamin shugaban hukumar, ba sunansa ba. Kan magana: neman bayani a ƙarƙashin dokar 2011. Misali kana son sanin aikin Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, a jiharku. Kada ka rubuta "me ya sa matasa ba su da aiki?" Wannan ra'ayi ka nema, kuma babu fayil ɗin da ra'ayi yake ciki. Takarda za ka nema. Ka ce: ina neman adadin mutanen da aka horar a jiha kaza a 2023, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da kuɗin da aka ware, da wanda aka saki. Ban ce ka nemi sunayen mutane da lambobin wayarsu ba, don dokar ta kare bayanan sirrin mutum, kamar yadda ta kare na tsaro, kuma da wannan za a fake a hana ka duka. Tambaya uku ko huɗu sun isa. Shafi ɗaya.

Yanzu hatimi. Don Allah ku buga kwafi biyu. Ka miƙa ɗaya, ɗayan a buga masa hatimin karɓa, da kwanan wata, da sa hannu, ka dawo da shi gida. Akwai wani ofishi, ba zan kama suna ba, da mai karɓar wasiƙu ya ce min in ajiye kawai za a duba. Na ce masa ranka ya daɗe, hatimin nan shi ne shaidata, na zauna a benci har aka buga. Dalili kuwa, daga ranar da aka karɓa ake fara ƙirga kwana bakwai da doka ta ba su. Suna iya ƙara wasu bakwai idan takardun na da yawa, amma sai sun sanar da kai a rubuce. In sun hana, dole su rubuta dalili da sashen dokar da suka dogara da shi. In sun yi shiru har wa'adi ya cika, doka ta ɗauki shirun a matsayin hanawa, kuma kana da kwana talatin ka je kotu. Babu hatimi, babu ranar da za ka nuna wa alƙali. Idan kotu ta tabbatar an hana ka ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000. Kuɗin da za a iya karɓa a hannunka kuwa na yin kwafin takardu ne kawai, ba na komai ba. Ka ɗauki hoton kwafin naka da waya tun kana bakin ƙofar ofishin.

Ba kowace wasiƙa ake amsawa ba, wannan kam ku sani tun yanzu. Shi ya sa nake ba da shawarar a tura da sunan ƙungiyar unguwa ko ta ɗalibai, kuma ran kwana na takwas a bi da takardar tuni, ita ma kwafi biyu.

Samfurin wasiƙar yana ƙarƙashin bidiyon nan, ku sauke ku canza sunan hukuma da shekara. Masu son ajin Excel da muke yi ran Asabar, inda muke koyon tace teburan nan jiha-jiha, har yanzu akwai gurbi, kuma ɗalibai rabin kuɗi suke biya. Mako mai zuwa kasafin kuɗin jiha za mu buɗe, mu nemo layin tallafin matasa, mu ga abin da aka ware da abin da aka saki. Kowa ya zo da na jiharsa a sauke. Wassalamu alaikum.