Amsoshin Tambayoyinku: Farautar Barewar Amurka Tare da Yaro Ƙarami

Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙar farko ta fito ne daga wani Malam mazaunin Denver a jihar Kolorado ta Amurka. Ya ce yana son zuwa jihar Wayomin farautar dabbar da Amurkawa ke kira pronghorn, zai biya kamfanin jagororin farauta su kai shi, kuma yana so ya tafi da ɗansa mai shekara 6. Tambayarsa ita ce: doka ta yarda, kuma yaya zai shirya tafiyar?

To Malam, mun gode da wasiƙa. Bari mu fara gabatar da dabbar saboda waɗanda ba su san ta ba. Kallo ɗaya za ka ce barewa ce, amma masana sun ce raƙumin dawa ne danginta na kusa. Namijin yana kai kilo 40 zuwa 65, ƙahonsa mai reshe ne, kuma kowace shekara sai ya zubar da kuben ƙahon ya tsiro sabo. A nahiyar Amurka babu dabbar tudu da ta kai ta gudu, tana kusan kilomita 90 a awa. Idanunta manya ne, suna gefen kai, tana hango mutum tun daga nesa sosai, kuma da ta tsorata sai farin gashin gindinta ya miƙe, sauran garken su gani su arce. A da miliyoyi ne, amma harbi ba kan gado ya sa a farkon ƙarni na 20 suka ragu zuwa 'yan dubbai. Dokokin farauta ne suka farfaɗo da su, shi ya sa hukuma ba ta wasa da batun lasisi.

A Wayomin doka ba ta yarda yaro ɗan shekara 6 ya harbi manyan namun daji ba. Ke nan ɗanka ɗan rakiya ne, ba zai taɓa bindiga ba. Kai kuma lasisin ba a kanti za ka saya ba. Za ka nema a hukumar kula da namun daji da kifi ta jihar, ana rufe karɓar takardun waɗanda ba mazauna jihar ba a ƙarshen watan Mayu, a yi ƙuri'a, sakamako ya fito a Yuni, farautar bindiga kuma galibi a Satumba da Oktoba ake yi. Kowane lasisi na wani yanki ne takamaimai, don haka ka fara magana da jagoran kafin ka cike takarda, shi zai gaya maka lambar yankin da yake aiki. Lasisin tamata ya fi na namiji araha. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1966 zuwa yau ana bukatar ya nuna shaidar kwas ɗin koyon farauta lafiya. Dole ne kuma mai farauta da bindiga ya sa hula ko riga mai launin lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli. Ka saya wa yaron nasa, domin shi ne gajere, shi ne ciyawa za ta iya ɓoyewa.

Yanzu ga inda nake so ka saurara da kyau, Malam. Kafin ka biya ko sisin kwabo, ka gaya wa kamfanin cewa da yaro ɗan shekara 6 za ka zo. Wasu ba sa karɓar yara, wasu suna karɓa amma akwai kuɗin ɗan kallo. Ka tabbatar suna da rajista da hukumar jihar mai ba jagororin farauta lasisi. Ka nemi jagora naka kai kaɗai, kada a haɗa ku mota ɗaya da baƙon da ya tara kuɗi shekara da shekaru yana neman babban ƙaho, domin da yaron ya ce fitsari ko ya yi tari a lokacin sanɗa, rai zai ɓaci. Ka tambaye shi ko ya taɓa fita da yara, ko gida ake kwana ko tanti, kuma asibiti mafi kusa awa nawa ne.

Abin da ya sa wannan farauta ta dace da yaro fiye da ta manyan dabbobin kan duwatsu shi ne fili ne fetal, dabbobin suna kiwo da rana tsaka, kuma yawancin nema a cikin mota ake yi ana hange da madubi. Yaro zai ga garke da idonsa, ba zai wuni yana kallon daji wayam ba. Ka ba shi nasa ƙaramin madubin hangen nesa, ka ɗora masa aikin ƙirga su da bambance namiji da tamata, namijin yana da baƙin tabo a ƙasan kunne. In kun ci sa'a zai ga yadda suke ratsa shingen waya: maimakon su tsallake, sai su sunkuya su bi ta ƙasa.

Wahalar tana wajen sanɗa. Galibi daga mita 200 zuwa 300 ake harbi, kuma kafin a kai nan sai an yi tafiya a sunkuye, wani lokaci a yi rarrafe cikin ƙananan itatuwa da tsiro mai ƙaya da ke shimfiɗe a ƙasa, ga maciji mai ƙararrawa a wutsiya in da sauran zafi. Gwiwar ɗan shekara 6 ba za ta ɗauki wannan ba. Shawarata ita ce ku tafi da babban mutum na uku, mahaifiyarsa ko kawunsa, wanda zai tsaya da shi a bayan tudu ko kusa da mota su yi kallo. Kai da ke leƙen bakin bindiga ba za ka iya lura da yaro ba, jagoran ma idonsa na kan dabba.

Kunne kuma, Malam, kada ka yi sakaci. Ƙarar bindigar farauta ta wuce ma'aunin desibel 140, harbi ɗaya na iya lalata ji har abada. Ka samo marufin kunne daidai kansa, ya saba sawa tun a gida. Wayomin tudu ce, garin Casper ma ya haura mita 1,500 daga teku, iska ba ta tsayawa, da asuba sanyi kamar tsakiyar hunturu, da hantsi rana ta buɗe. A sa masa kaya bisa kaya yadda za a riƙa ragewa, da takalmi mai kauri, da ruwa da abin taɓawa a aljihu. In ya gaji da azahar ku koma masauki, ko da namijin da kake so yana tsaye. Ka sanar da jagoran wannan sharaɗi tun ranar farko.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a birnin Miniyafolis na Amurka, wadda maigidanta ke irin wannan shiri. Tana tambaya ko naman ya halatta, kuma ko ya dace yaro ya ga jini.

Hajiya, abin da malamai da dama suka tafi a kai shi ne maharbi ya yi bisimillah lokacin harbi, in ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka ta, in harsashin ya riga ya kashe ta an ci. Maigida ya ƙara tuntuɓar malaminku, kuma ya gaya wa jagoran tun da wuri cewa shi zai yi yankan da hannunsa. Batun jini, yaron da ya saba ganin ragon layya ba zai firgita ba, amma wanda ya tashi yana ganin nama a leda kawai, a zaunar da shi a gida a yi masa bayani cewa dabbar za ta mutu kuma ita za a ci. In ya ce ba ya son kallon fiɗa, a ƙyale shi, kada a kira shi matsoraci.

Tunda yara za su ci, maigida ya nemi harsashin jan ƙarfe maimakon na darma, saboda darma tana farfashewa cikin nama kuma tana cutar da ƙwaƙwalwar yara. A feɗe da wuri a sa cikin ƙanƙara, domin naman wannan dabba ba ya jure zafi, in ya daɗe a bayan mota ƙarni zai hana kowa ci. Ku tanadi babbar kula biyu tun daga gida, ƙanƙarar kuma a saya a garin ƙarshe kafin a shiga daji.