Biniam Girmay: ɗan kafintan Asmara da ya ƙwace koriyar riga

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A wajen da yawa daga cikinmu, keke abin zuwa gona ne ko na aiken yara kasuwa. A Asmara, babban birnin Eritriya, keke shi ne abin da ƙwallon ƙafa yake a Kano. Ranar tsere akan rufe tituna, jama'a su yi dafifi a bakin hanya suna ihu. Turawan Italiya ne suka kawo wasan zamanin mulkin mallaka, suka tafi suka bar shi. Garin kuma yana kan tudu, sama da mita 2,300, inda iska ba ta da yawa. Yaron da ya saba tuƙa keke a nan, in ya sauko ƙasa sai ka rantse huhu biyu aka ƙara masa.

A nan aka haifi Biniam Girmay ranar 2 ga Afrilu, 2000. Mahaifinsa kafinta ne, mai son kallon Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, a talabijin tare da 'ya'yansa. A 2018 aka ɗauki yaron zuwa cibiyar horo ta hukumar tseren keke ta duniya a Suwizalan. A 2019 ya ci zango, wato tseren yini ɗaya cikin gasa mai kwanaki, a gasar ƙasar Gabon, a 2021 kuma ya zo na biyu a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23 a Beljiyam.

Shekarar 2022 ce ta sa Turai ta miƙe zaune. A watan Maris ya lashe tseren Gent-Wevelgem, a kan tsofaffin hanyoyin dutse na Beljiyam, cikin iskar da babu wanda ya zaci ɗan Afirka zai jure. A watan Mayu, a garin Jesi, zango na 10 na gasar Giro ta Italiya, suka yi kafaɗa da kafaɗa da Mathieu van der Poel, gwanin keke ɗan ƙasar Holan, har daf da layi. Ƙarfin Baturen ya ƙare, ya zauna kan sirdi, ya ɗaga masa babban yatsa. Babu baƙar fatar Afirka da ya taɓa cin zango a manyan gasa uku na duniya, wato na Faransa da Italiya da Sifaniya, kafin wannan rana.

Sai kuma ƙaddara ta gifta. A kan dandamali aka miƙa masa kwalbar nan da Turawa ke fesawa don murna. Ya sunkuya zai buɗe, murfin ya yi tsalle ya buge shi a idon hagu. Daga dandamali sai asibiti, washegari ba ya cikin gasar. Abin dariya, abin tausayi.

Masu cewa sa'a ce, 2024 ta rufe musu baki. A Tour de France ya ci zango uku, ya kuma kai koriyar rigar mai mafi yawan maki har birnin Nice, inda aka kammala gasar, duk da mummunar faɗuwar da ya yi a zango na 16.

Ni dai a ganina, kuskure ne a riƙa kallonsa kamar wanda ya faɗo daga sama. Daniel Teklehaimanot, shi ma ɗan Eritriya, ya sanya rigar gwanin hawan tsauni a Tour tun 2015. Gwanaye na nan jibge. Abin da ke wuya shi ne biza, da keke mai tsada, da ƙungiyar da za ta ɗauki yaro ta yi haƙuri da shi. Biniam ya samu, da yawa ba su samu ba.

Zangon farko da ya ci a Tour kuwa, ranar 1 ga Yuli, 2024, ba a Faransa aka kammala shi ba. A Turin ne, a ƙasar Italiya, ƙasar waɗanda suka kai keke Asmara.