"Da sauƙi" ba ta ishi likita ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau daga falona nan Jidda nake magana, kuma ga abin da ya sa na kunna kyamara: wannan 'yar takardar. Bari in matso da ita ku gani.

Shekara 9 ke nan ina fama da asma, wadda iyayenmu ke kira fuka, Larabawan nan kuma su ce rabu. Duk sanda likita ta ce mini ya jiki, amsata ɗaya ce: da sauƙi, alhamdulillahi. Haka aka rene mu, ba mu kai ƙarar ciwo. To ranar nan sai ta miƙo mini takarda da biro, ta ce in tuna makonni 4 da suka wuce kawai.

Sunanta ACT, wato gwajin auna yadda asma ta kwanta, tambayoyi 5 ne, kowace daga maki 1 zuwa 5, kuma akwai ta da Larabci. Ta farko: sau nawa ciwon ya hana ki aikinki? Na tuna shara da na bari a rabi, na sa 3. Sarƙewar numfashi, sau 3 zuwa 6 a mako, nan ma 3.

Ta ukun ce ta tsayar da ni. Dare nawa tari ko kukan ƙirji ya tashe ki? Wallahi ban taɓa lissafa wannan cikin rashin lafiya ba. Ƙarfe uku na dare in tashi zaune, in jingina da bango, in laluba ƙarƙashin filo in ɗauko Ventolin, shuɗin inhela ɗin da ake shaƙa in numfashi ya sarƙe, in jira asuba. Dare 2 ko 3 a mako. Na riga na saba har ya zame mini jiki. Maki 2. Shaƙar shuɗin inhela kuwa kullum ne, shi ma 2. Ta ƙarshe ta ce ke a ganinki ya ciwon yake, na ba kaina 4, don har ga Allah haka nake gani.

Jimla 14 cikin 25. Daga 20 zuwa sama ne ake cewa ciwon ya kwanta. 15 zuwa ƙasa kuwa abin ya yi nisa.

Ba ta ƙara mini magani nan take ba. Cewa ta yi in shaƙa a gabanta, sannan ta tambayi ina ɗaya inhelan, wanda aka ce in riƙa shaƙa kullum ko da ciwon bai tashi ba. Na ajiye shi tun da daɗewa. Ta ce shuɗin buɗe hanyar iska kawai yake yi na 'yan awanni, kumburin da ke ciki na kullum ɗin ne ke kwantar da shi, kuma in riƙa kurkure baki bayan na shaƙi na kullum ɗin.

Sai maganar turaren wuta, wadda ta fi yi mini nauyi. Kun san mu, gida ba turare ba gida ba ne. Ga kaskon can, yanzu ba na kunna shi a rufaffen ɗaki mai esi. Ranar da ƙura ta taso kuma ina rufe tagogi.

Bayan wata 3 na sake cikewa, na sami 21. Wannan takardar ta masu shekara 12 zuwa sama ce, yara 'yan 4 zuwa 11 suna da tasu daban, mai tambayoyi 7. Jibi zan kai autana, ita za mu cike masa.